Mutum Ɗaya Na Ba Haya

Shekarar da na aje alli, bayan na ƙarar da ƙuruciyata ina koyar da ƴaƴan mutane daga wannan ƙauye zuwa wancan, sai na ce ni ma bari in zama mai gidan haya. Ni mutumin Tasawa ne, amma aiki ya zaunar da ni Mayahi har na yi gida na tara iyali. Ina da wani fili can wajen hanyar asibiti, wanda na saya tun lokacin da ake yi wa mai sayen fili a wannan gefen dariya. Abin da aka sallame ni da shi ya ɗaga ginin har ya kai wajen rufi, daga nan ƙarfina ya ƙare. Mai ɗakina ce ta rufa shi. Tana da shanu biyu na gado a hannun wani Bafulatani, ta aika aka kai su kasuwar Gidan Amumune, suka dawo mana a matsayin kwano da katako da ƙofofin ƙarfe.

Ranar da aka buga kwanon ƙarshe ta zo ta zagaya gidan. Ɗaki biyu ne da falo, da baranda, da famfo a tsakar gida, ƙasa duk an shafe da siminti. Ta shafa bango da tafin hannu, ta ce da ni, "Malam, in ka riga ni tahiya, nan zan zamna ɗaki guda in ci hayar sauran. Kar ka bari a kashe mini gida." Na ce ta kwantar da hankalinta. Na faɗa da ƙarfi kuwa, don ni mutum ne da ya riƙe aji mai ɗalibai fiye da yadda benci zai ɗauka, ban ga yadda ɗan haya guda zai gagare ni ba.

Muna da majalisa ta tsofaffin ma'aikata a gindin wata bishiyar bedi kusa da tasha, kuma da jin zan ba da haya kowa ya zama masani. Wani ya ce kar in kuskura in ba mai ƴaƴa, don bangona zai koma allon gawayi. Wani ya ce ba ƴaƴan ne abin tsoro ba, turmi ne, wata uku na daka ya isa ya tsaga siminti. Tsohon akawun kotu ya ce duk abin da zan yi kar in ba ɗan'uwa, ya faɗa yana kallon ƙasa, muka gane abin ya taɓa cinsa. Wanda bai taɓa aza bulo bisa bulo ba shi ya fi kowa tsawon bayani. A ƙarshe dai bakinsu ya zo ɗaya: in nemi ma'aikacin gwamnati, tuzuru, wanda zai fita da safe ya dawo da yamma, ba girki ba hayaniya.

Na zauna na rubuta takardar yarjejeniya da Faransanci, shafi biyu, da irin rubutun da nake yi wa sufeto in zai zo duba aji. Na hana daka a kan siminti. Na hana buga ƙusa a bango, na hana kiwo ko na kaza ne, na hana ɗan haya ya ba wani haya a bayan idona. Na rubuta wanda zai gyara famfo in ya lalace da wanda zai biya wuta. Da na karanta wa ƴan majalisa, akawun kotu ya ce ko alƙali bai isa ya sami ƙofa a cikinta ba, na dawo gida ina jin kaina.

Allah ya kawo mini irin wanda aka ce in nema. Malamin asibiti ne da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Mayahi, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, in zai gaishe ni har ya durƙusa. Kayansa gaba ɗaya babur ɗaya ya ɗauko su: katifa, da ƙaramin murhun gas, da kwalin littattafai. Na tambaye shi ko yana da mata, ya ce tukuna. Na tambaye shi garinsu, ya kira sunan wani ƙauye da ke bayan garin Sarkin Hausa. Na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe ma ɗan gida ne. Ya karanta takardata tun daga sama har ƙasa, ya sa hannu.

Yau in wani ya zo neman shawarata kan gidan haya, kuma suna zuwa, don an san na ga abin da na gani, tambaya ɗaya nake ce masa ya fara yi wa ɗan haya. Ya bar zancen albashi da yawan iyali, ya tambaye shi garinsu tafiyar awa nawa ne a amalanke. In ya ce sai an kwana biyu a mota, a ba shi makulli. Ni nawa garinsu tafiyar hantsi ce.

Wata biyu na farko na sha daɗi. Kowace la'asar sai in bi ta ƙofar gidan kamar mai wucewa, in leƙa, in ga tsakar gida fes, ko sawun kaza babu. Wata ranar kasuwa sai na tarar da amalanke ɗaya a ƙofa, jakin yana cin kara. Ban damu ba, wa zai hana mutum baƙo? Kasuwa ta gaba amalanke uku ne. Kafin damina ta faɗi, ba sai ranar kasuwa ba, kullum gidan cike yake.

Abin da na manta, ni da na yi shekaru a ƙauyuka ina ganin abin da idona, shi ne in ɗan ƙauye ya kama gida a birni, gidan na ƙauyen ne gaba ɗaya. Balle a ce malamin asibiti ne. Mai ciwon ido nan zai sauka, mai zuwa awon ciki nan za ta sauka tare da uwar mijinta da ƙanwarta da mai riƙe mata yaro. Mai neman takardar haihuwa a ofishin magajin gari, in an ce ya dawo jibi, ba zai koma gida ba, nan zai jira jibin. Akwai satin da mutum biyu masu shari'ar iyakar gona suka sauka tare, ɗaya a falo ɗaya a baranda. Da safe su tafi kotu su zazzagi juna, da rana su dawo su sa hannu a kwano ɗaya. Har makiyayan da ke zaune gefen ƙauyen suka gane hanya, na taɓa iske maraƙi ɗaure a jikin bututun famfona.

Turmi kuwa ya iso tun a wata na huɗu. Da na nuna wa ɗan hayata sharaɗin da ya sa wa hannu, ya sunkuyar da kai ya ce zai yi magana. Washegari na dawo na tarar an shimfiɗa tsohon buhu a ƙarƙashin turmin, mata biyu suna ta lugude, suka gaishe ni da fara'a suka nuna mini buhun don in ga an bi doka. Famfo ba ya hutawa, don duk amalanken da zai koma sai an cika masa jarkoki. Salgar da magini ya rantse mini jikokina ma ba za su ga cikarta ba, ba ta kai shekara biyu ba. Na koma na karanta takardata sau uku ina neman inda na hana baƙi. Babu, kuma ko yau aka ce in sake rubutawa ban san da wane hannu Musulmi zai rubuta wannan ba.

A nan ne na yi kuskuren da ya fi na farko. Jagoran masu zuwan wani dattijo ne, baffan ɗan hayata, dogo mai farin gemu da sanda, wanda ba shi da ciwo ba shi da shari'a, rakiya kawai yake yi. Shi ya binciko gidan da nake zaune. Ya zo da ƙwan zabbi a cikin ƙwarya an zuba musu ƙaiƙayi, ya ce a gai da mai gida. Na zo da niyyar yi masa faɗa, sai na ga ƙwan. Ina son ƙwan zabbi, ba zan ɓoye ba. Bayan ƙwai aka kawo wake, aka kawo nono mai kauri, da kaka ta yi aka sauke mini dami biyu na gero a ƙofar gida, har da zakara ranar jajibirin salla. Duk na karɓa na yi godiya. A raina ina cewa ai ladan simintina ne.

A shekara ta uku mai ɗakina ta ce za ta je ta ga gidanta. Na yi ta kawo dalilai, ta yafa mayafi ta wuce. Ba ta daɗe ba ta dawo. Ta tarar da ƙofar ɗaki ɗaya an cire an jingine don ta hana iska shiga, bangon baranda ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi, simintin tsakar gida ya dare gida-gida har ciyawa ta fito, wata ma ta shuka kuɓewa a bakin famfo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta cire mayafinta ta ninke, ta ce, "Malam, kai ka ce in kwantar da hankalina." Wannan maganar ta hana ni cin tuwon kirki kwana biyu.

Na sami ɗan hayata a bakin asibiti lokacin hutun rana. Ya ƙara ramewa, wuyan rigarsa har yana yi masa yawa. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, yana tsaye yana murza hannu. Da na gama ya ce, "Baba, wallahi duk abin da ka hwaɗi gaskiya ne. To ya zan yi? Shekara ukku ina lakwal ina karatu, babana na kwance, mutanen nan su sunka noma muna gona. In na ce ma guda kar ya zo, da wane ido zan shiga garinmu?"

Duk da haka ban sauka ba. Sai na jawo dabarar da kowane mai gidan haya a ƙasar nan ya sani, wadda ba ta ɓata wa kowa: na ce ɗana zai yi aure, gidan za a sa amarya. Ɗan nawa yana Maraɗi yana karatu, bai san yana da budurwa ba ma. Na ba ɗan hayata wata uku ya nemi wuri. Na shirya wa roƙo da magiya, har na tanadi yadda zan ɗaure fuska. Sai kawai ya ce Allah ya sanya alheri, kuma ko wata ɗaya ba a yi ba ya kawo mini makulli. Da ina da wayo da tun a nan na tsargu.

Na kira magini ya toshe tsagar siminti, aka yashe salga, aka mayar da ƙofa, na sa aka shafe bango da farar ƙasa ciki da waje. Na sayo kwaɗo ƙato na datse ƙofar gidan, na kawo makullin na damƙa wa mai ɗakina, ta ɗaure shi a bakin zanenta. Ranar na je majalisa da sabuwar hula, na ba su labarin yadda ake fitar da ɗan haya ba tare da an ji kanku ba.

Ranar kasuwa da hantsi ina zaure ina sauraron rediyo, sai na ji kukan jaki a ƙofar gidana. Na leƙa, amalanke biyu, ga dattijon nan mai sanda yana kakkaɓe riga. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da gajiya da shirin biki, har ya ce sun ware ɗan akuya na gudummawa. Sannan ya ce, "Mun iske gidanmu kulle. Maƙwabta sunka ce makullin na nan wurinka."

Na ce ai likita ya tashi.

"Mun sani," in ji shi. "Mun je mun gani. Ɗakin da ya kama, in mutum biyu sunka shiga sai guda ya hito kahin guda ya juya. Ai mu ba wurinshi munka zo ba, Malam, wurinka munka zo. Shi yaro ne, kai ne babban masaukinmu tun hwarko. Shekara ukku muna gaisawa, ko ka taɓa maido muna da ƙwarya cike?"

Ban taɓa ba. Na buɗe baki zan yi bayanin bambancin mai gida da ɗan haya, sai na ga mai ɗakina ta fito ta wuce ni. A kan amalanke na biyu akwai wata yarinya da tsohon ciki, zaune cikin rana tana cije leɓe. Mai ɗakina ta kama hannunta ta shigar da ita cikin gida. Uwar mijin ta bi su da ƙullin kaya, ƙanwar ta bi, sauran mazan suka shigo zaure suka nemi wuri. Wani ya ce in ɗan matsa, na matsa.

Makullin dai na ce ba za a bayar ba, na rantse. Su kuwa ba su yi gardama ba, suka ce ai duk ɗaya ne, nan ma gida ne. Kasuwa huɗu aka yi a haka. Zaurena ya koma ɗakin jira, kujerata ta zama ta wani mai ciwon ƙafa, buta in na aje sai in bi layi kafin in same ta. Mai ɗakina ta aro tukunyar biki wurin maƙwabta, tun safe tana bakin murhu har la'asar. Geron da suka kawo mini da kaka, su suka cinye shi har da ƙari. Gidan haya kuma yana can fari tas a kulle. Wani ma'aikacin wata ƙungiya ya zo dubawa, mutumin nesa, irin wanda nake addu'ar samu. Muka isa tare muka tarar da amalanke uku a inuwar bango, sababbin zuwa da ba su ji labari ba, suka taso da murna suna tambayarsa ko shi ne sabon mai masaukin. Ya ce zai yi shawara, ban ƙara ganinsa ba.

Majalisa kuwa na daina zuwa. Akawun kotu ya aiko a tambaye ni ko a wane shafi na rubuta wannan.

Wata ranar Laraba da azahar mai ɗakina ta kira ni bayan ɗaki. Idanunta sun yi ja da hayaƙi, hannunta duk ƙuna. Ta ce, "Malam, tashi ka tai ka ba yaron nan haƙuri ya dawo. Ko rabin haya ne ya biya. Shi dai ya tsaya tsakaninmu da su." Na ce da girmana? Ta dube ni kawai. Na sa takalmi.

Na same shi a bayan tasha, cikin irin dogon gidan nan na ɗakuna jere da ake kira antire-kushe, wato ka shiga ka kwanta, don ban da kwanciyar babu abin da ɗakin zai ɗauka. Ranar hutunsa ce. Da ya ɗaga labule sai da na sake dubansa. Kumatu sun fito, wuya ya cika, fatarsa har sheƙi take. Yana zaune kan katifarsa da farantin taliya da kifin gwangwani, shi kaɗai, cokali ɗaya. Ya rasa inda zai sa ni, ya ba ni katifar ya tsuguna a bakin ƙofa.

Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na fito fili. Na ce an ɗaga bikin. Na ce gida ya sha gyara, ya dawo abinsa, hayar ma sai yadda ya ce, famfo da salga duk a wuyana. Ina magana yana girgiza kai a hankali, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya kama hannuna da hannu biyu.

"Baba, shekara ukku ban kwana bisa katihwar ga ba. In na taso aiki sai in iske tsoho kwance kanta, in koma asibiti in kwanta bisa banci. Ban taɓa cin abinci na ƙoshi ba cikin gidan can. Ni ba ni iya korar su, kai ko ka kore ni ba tare da kowa ya zarge ni ba. Ko uban da ya haihe ni bai yi mini abin da ka yi mini ba. Wallahi kowace salla sai na sa ka addu'a." Ya share ido, ya tura mini farantin. "Don Allah ka ci, Baba, na ga ka rame."

Na ci, don yunwa nake ji. Ya rako ni har bakin hanya yana ta godiya, ya tsayar da ɗan kabu-kabu ya biya masa ya kai ni gida.

Na sauka na tarar an ƙaru da amalanke ɗaya. Dattijon yana zaure ya miƙe ƙafa, ya yi mini sannu da zuwa kamar ni ne baƙon. Na wuce ciki. Mai ɗakina tana durƙushe gaban tukunyar bikin tana tuƙi da hannu biyu. Na tsaya a kanta ina neman ta inda zan fara, kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba, don gidan nata ne, ni kuma na ce ta bar shi a hannuna. Ta ɗago ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni yadda muka yi ba.

"Ya yi ƙiba ko?" ta ce.

Na ce ya yi.

Ta saki muciyar a cikin tukunya. Ta kwance bakin zanenta, ta ciro makullin, ta fita zaure da kanta ta sa shi a tafin hannun dattijon. Yana cikin sa mata albarka ta juyo, ta shige ɗakinta ta turo ƙofa. Tuwon ya fara kamawa, sai wata daga cikin matan ƙauyen ta tashi ta ɗauki muciyar ta ci gaba da tuƙi.